Abin da Fararen Kaji Suka Ci

A bakin kogi aka haife ni, a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, aka kawo ni aure wani ƙauye da ke tsakanin Gaya da Kademi. Ban yi karatu ba, ko a allo ban yi nisa ba, don haka wannan labari faɗa nake yi ana rubutawa. Shekaru ma ba da lamba na riƙe su ba. Na san an kawo ni ana ta maganar Turawa za su tafi. Na san shekarun yaƙin basasa, na san shekarar da aka canja kuɗi. Abin da zan faɗa ya faru ne daga ƙarshen yaƙi zuwa babban farin nan.

Ba mu da yawa a gidan. Maigidana ne, da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da ni, da yara uku. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa yana da rai ba, ba yanzu zan fara ba. Manomi ne, yana yin gero da dawa da wake da gyaɗa, amma gonar da ya gada ba ta kai mu shekara. Da an gama ɗaure dami an kai rumbu, sai ya tafi cin rani birni, shi da taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Dakon buhunan gyaɗa suke yi. Tafiyar tana rage baki ɗaya a kan rumbu, kuma ita ke kawo abin haraji da tufafin yara. Kowa haka yake yi. Da rani in ka shigo ƙauyenmu ba ka iske kowa sai mata da tsofaffi da awaki.

Ban da wannan, yana dawowa da tari. Da farko tarin yakan bar shi kafin a yi shuka. Daga baya ya riƙa kai shi har noman fari, sai ya tsaya a tsakiyar kunya ya dafa ƙota ya jira numfashi ya dawo. Wata shekara na ga ya tofar da abu a bayan ɗaki, ya sa ƙafa ya ja ƙasa ya rufe. Bayan ya fita na je na tona, na ga jini. Inna ta jiƙa masa sassaƙe, an yi rubutu ya sha. In ya zauna a gida yakan murmure, in ya koma ƙarƙashin buhu sai abin ya dawo ya fi na da. Na sani, shi ma ya sani, in ya ci gaba da tafiyar nan akwai ranin da ba zai dawo ba.

Bazarar da ta biyo bayan yaƙi ya dawo da wuri. Ya sauka daga motar kasuwa a Gaya, ya ɗauki jakin haya, ya iso gida da manyan kwanduna biyu da buhu guda. Na zaci kwanuka ne ko tufafi. Da aka buɗe sai ga kaji farare fat, sagaru da ba su fara ƙwai ba, ashirin da wani abu, sun yi laushi saboda zafin hanya. Ya ce a gidan wani attajiri da yake yi wa dako ya gan su, ya ga ana kwasar ƙwai kullum kamar ana tsintar kanya. Duk abin da ya samo a ranin nan a kansu ya ƙare. Ba atamfa, ba rigunan yara.

Inna ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ga an datse mata baki, na saman ya fi na ƙasan gajarta. Ta tambaya wane marar imani ne ya yi wa kaza kaciya a baki. Ya ce don kada su tsattsagi juna ne. Ta tambaya ina zakaransu. Ya ce ba sa bukata, kuma ba sa kwanci. Ta ajiye kazar ta goge hannu a zane, ta ce ita dai ba ta taɓa jin mace mai haihuwa ba miji ba raino ba, amma zamani ne.

Da la'asar ina tankaɗe ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da bai saba ba in Inna tana tsakar gida.

"In waɗannan suka ci da kansu, suka rage mana wani abu," in ji shi, "na gama zuwa birni."

Iyakar maganar ke nan. Daga ranar ban ƙara raina su ba.

Ya kafa musu ɗaki na zana a bayan rumbu, ya zuba toka da ƙaiƙayi a ƙasa, ya jera fasassun tukwane inda za su saka ƙwai. Ba a sakin su, don ba su san tono ba, kuma ko shirwa ta yi inuwa a kansu ba sa gudu. A garinmu kiwon kaji na mata ne da yara, don haka ya sha dariya. Taubashin nan ya fi kowa. Kullum in ya yi sallama sai ya cire hula ya durƙusa a ƙofar ɗakin kajin.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Kaji. Yau me fadawa suka yanke?"

"Bawa ba ya tambayar sirrin fada," in ji maigidana. "Ɗauki tsintsiya ka share musu."

Sai taubashin ya juyo wurina ya ce, matarmu, ki tattara kayanki ki dawo gidana, wannan ya yi miki kishiyoyi ashirin a rana ɗaya.

Da suka fara ƙwai dariyar ta ragu. Zabi da damina kaɗai suke yi, da rani ƙwai yakan ɓace a kasuwa, su kuwa waɗannan ba su san rani ba. Yakan jera ƙwan a masaki, ƙaiƙayi a tsakaninsu, ya ɗauka a ka zuwa Gaya ranar kasuwa. Akwai mai shayi a tasha da yake karɓar mafi yawa, sauran malaman makaranta da ma'aikatan asibiti su saya.

Abincinsu ne matsala. Buhun abincin da ya zo da shi bai daɗe ba. Na biyu ya ba direba saƙo, na uku ya zo da tsada. Bai daɗe ba ya gane abin da ƙwai ya kawo buhu ne ke cinyewa, shi sai wahalar hanya. Ya gwada watsa musu tsabar dawa. Da bakin nan nasu da ƙyar suke ɗauka, ƙwai ya ragu, wanda suka yi ma ɓawonsa ya yi laushi har yatsa yana lotsa shi. Inna kuma ta ce rumbun nan na mutane ne, ba za a buɗe shi don tsuntsu ba. Maigidana ya fara maganar sayar da su kafin su rame.

Na roƙe shi ya ba ni ƙwarya guda daga ragowar buhun. Na zuba a faifai na bakace shi a hankali, yadda ake raba tsaki da gari. Kowane abu ya koma gefensa. Na ga ɓarzajjiyar masara, na ga dusa. Na ga wani abu ruwan ƙasa, na ɗanɗana na ji gyaɗa ce da aka matse mai. Na ga farare-farare masu ƙarfi kamar ɓawo ko ƙashi. Akwai kuma wani gari mai duhu, da na shinshina na ji kifi, ni da na tashi a gidan masunta. Akwai abin da ban gane ba. Amma na ce masa yawancin abin da ke cikin buhun nan akwai danginsa a garin nan.

A wurinmu dusa ta mai surfe ce. A gidanki, in kin surfa gero, dusar taki ce, miji ba shi da magana a kanta, ki ba akuyarki ko ki sayar. In kin yi wa wani gida surfe, ko a biya ki ko ki ɗauki dusa. Sai da maigidana ya nemi dusata da bakinsa, yana kallon gefe, Inna tana dariya tana cewa yau ga namiji yana roƙon dusa. Akuyata ce ta fara shan wahalar. Amma dusar gida ɗaya ba ta isa, sai na shiga yin surfe a gidajen da ke da yawan baki: gidan dagaci, gidan masu fura, gidan da za a yi suna ko biki. Ban karɓi ko kwabo ba, dusa nake ɗauka. Matan gari suna so, don taɓarya ba wadda ke marmarinta. Tafukan hannuna suka yi kanta har ba na jin zafin murfin tukunya.

Sauran na tara su da kaɗan-kaɗan. Ina yin man gyaɗa dama, sai na riƙa ware tunkuza kafin in sa gishiri in soya ƙuliƙuli, in shanya ta in dake. Ƙashi nake karɓa wurin mahauta ranar kasuwa, in ƙona shi har ya yi fari, in dake. Ɓawon ƙwan da mai shayi ya fasa, maigidana yake tattarowa ya dawo da shi, in gasa a kasko don kada su koyi shan ƙwansu. Akwai zogale a bayan danga, ina shanya ganyen a inuwa in murje. Kifi kuwa, yayana da ke su a ƙauyen da aka haife ni yakan aiko mini da burbushin banda in ya sami mai zuwa, ina barbaɗa ɗan kaɗan kamar yadda ake sa daddawa a miya. Ba a rana ɗaya na daidaita ba. In tunkuza ta yi yawa su yi zawo, in ta yi kaɗan ƙwai ya ja baya. Da ƙwarya da ludayi nake awo, ina kallon kashinsu da tukwanen ƙwai. Kafin kaka suka dawo daidai, kuma gwaiduwar ta fi ta da ja. Mai shayi ya tambayi maigidana ko ya canja kaji ne.

Da aka gama girbi taubashin ya zo da ƙunshinsa ya tsaya a ƙofar gida. Maigidana ya raka shi har bakin hanya ya dawo.

Rani biyu ya yi a gida. Ba wani abin labari a cikinsu. Ya sake jinkar ɗakin Inna, ya saƙa zana, ya tufka igiya. Ya kwashe kashin kajin ya kai gona a mangala, inda ya zuba dawa ta fi ta kowa duhu. Yana zuwa masallaci da tsofaffi, shi kaɗai mai baƙin gemu a sahu. Ƙaramar 'yarmu a hannunsa ta koyi tafiya, sauran biyun bai ga lokacin da suka fara ba. Tarin bai rabu da shi ba, amma ban sake ganin jini ba, wuyansa ya ciko. Da kajin farko suka tsufa ya sayar da su ya sa aka kawo wasu sagaru. Ni ban taɓa hutawa da taɓarya ba a shekarun nan, kuma in za a mayar da ni wani wuri a rayuwata, can zan ce a kai ni.

Sai ruwa ya fara gardama. Damina ɗaya ta zo da ƙaranci, aka samu rabin abin da aka saba. Wadda ta biyo ta ta fi muni. An yi shuka ta ƙone, an sake ta ƙone. Geron da ya tsira ya fitar da kai ba ido. Gyaɗa in ka tuge sai ɓawo. Fulanin da ke zaune gabas da mu suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu.

Abin da ya same ni ban taɓa tsammaninsa ba. Aka daina surfe. Mace in ta samu mudun dawa ba ta yarda ta fitar da dusa, haka take niƙe shi da komai nasa don tuwo ya yi auki. Gidajen da nake zuwa suka ce in yi haƙuri. A gidan dagaci, inda har yanzu ake ɗan surfawa, na iske mata uku sun riga ni, kuma ba don dabba suke nema ba. Ana cuɗa dusar da ganye a dafa wa yara. A kasuwa dusa ta shiga mudu, ana awonta kamar hatsi. Tunkuza ta ɓace tare da gyaɗa. Ina da ragowar dusa a wata randa, na ɓoye wa kaji. Wata safiya na iske Inna ta buɗe randar tana ɗiba. Ba ta ɓoye ƙwaryar ba. Ta ce jikokinta ba za su kwana da yunwa ba kaza tana cin dusa a gidan. Ban musa mata ba, da gaskiyarta. Ni na dafa da hannuna.

Aka yi girbin da ba girbi ba, maza suka fara fita tun kafin lokaci. Taubashin ya zo. Maigidana ya ce masa ya yi gaba, shi zai ga abin da kaji za su yi. A lokacin ƙwan ya ragu ƙwarai, wata ranar kasuwar ko gindin masaki ba ya rufewa.

Na tuna yadda kakata take kama wa 'yan tsaki gara. Ana samun tsohuwar tukunya a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumma, a yayyafa ruwa, a kife ta a bakin suri, a rufe da ganye don rana. Kafin gari ya waye gara ta cika ta. Na tattara tukwanen da ke gidan, na roƙi na maƙwabta, na kafa su a surukan da ke bayan gari. Ruwan ma da lissafi ne, don rijiya ta ja ƙasa, sai na riƙa amfani da na wanke-wanke. Da hantsi nake zagawa in kwaso, kafin rana ta kore su.

Ranar farko da na zazzage tukunya, kajin gida biyu da nake da su suka far mata, kafin ka ce me sun cinye. Fararen suka kewaye suna kallo. Wadda ta kai baki sai garar ta zame, don bakin ba tsini. Wata kuma zago, babbar garar nan mai cizo, ya kama ta a harshe tana ta yarfa kai. Sai na koma zuba garar a kasko mai zafi, ta mutu, in shanya in dake. Na haɗa da abin da na samu: 'ya'yan gawo da na riga awaki tsinta, 'ya'yan yakuwa da na rama, ƙaiƙayin da na sake sheƙewa don ɗan abin da ya maƙale. Wannan ya riƙe ransu, amma bai kawo ƙwai ba. Tukwanen ƙwai suka zauna wayam. Maigidana ya ɗauko tsohon gammonsa na dako ya kakkaɓe ya rataye a bakin ƙofa.

Ana nan wani mai jaki daga wajen Ajingi ya ce kogi ya tsinke ya zama kududdufai, kifi ya taru a ciki ana kama shi da hannu, manya an sayar, ƙanana kuwa an rasa mai ɗauka, suna bushewa a kan yashi. Na nemi izini. Maigidana ya ce hanya da nisa, na ce ai ita aka biyo da ni. Na bar yara wurin Inna na bi masu jakuna a ƙafa. Na iske ƙauyenmu yadda aka faɗa. Inda muke wanka muna yara ya zama fili, ana bi da jaki. Yayana ya rame har na yi shakkar shi ne. Ya tara mini ƙananan kifin nan, waɗanda ba su wuce ɗan yatsa ba, muka cika buhu, ya nemo mini jakin da zai kai ni. Matarsa ta ce ita ba ta taɓa ganin wadda ta zo ganin gida ta koma da abincin kaji ba.

Da na dawo muka zauna da maigidana muka yi shawara. Da, kifi ɗan barbaɗe ne a kan dusa. Yanzu ba dusa, kifi ne mai yawa. Ya ce ai kifi abinci ne mai kyau, mutum ma in ya samu ƙiba yake yi, a ba su su ƙoshi. Ni ma haka na gani. Na dake shi na haɗa da gara da 'ya'yan gawo, kifin ya fi rabi. Suka ci kamar za su haɗiye kaskon. Ba a daɗe ba tororonsu ya yi ja, suka fara kukan nan da kaza ke yi in za ta saka. Ƙwai ya dawo, manya-manya, ɓawo da ƙarfi. Wata safiya na duba bakin ƙofa ban ga gammon ba, ya mayar da shi ƙarƙashin gado. Ba mu fasa ko ɗaya ba a gida, duk na kasuwa ne. Da ma ba ma ci, sai wanda ya tsage, kuma a kwanakin nan ba wanda ya tsage.

Ya kai masaki cike, mai shayi ya karɓa da murna. Kasuwa ta zagayo ya sake kaiwa. A ranar ya dawo tun kafin azahar, masakin yana kansa yadda ya tafi da shi, har da ƙari. Ya sauke a tsakar gida ya zauna a kan turmi. Ya ce mai shayi ya dawo masa da ragowar na wancan makon. Direbobi sun ce ƙwan ƙarni yake yi, wani ya ture faranti ya ce shi ƙwai ya saya ba tarwaɗa ba, aka yi ta dariya a tasha. Mai shayin bai yi faɗa ba. Ya fasa guda a kofi ya miƙa masa ya ce, Malam, shinshina da kanka. Matar wani malamin makaranta ma ta aiko yaro da nata a kwano.

Na fasa ɗaya na soya. Tun yana kasko na ji. Inna ta ce wannan ko makaho ya san daga kogi ya fito. Yara dai suka cinye suna lashe hannu.

Na yi abin da zan iya. Na tafasa kifin na zubar da ruwan, na jiƙa shi da tsamiya, na gwada da toka. Ƙarnin ya ragu bai fita ba. Na rage kifin sosai, sai ƙwai ya tsaya. Na ƙara, ya dawo da ƙarninsa. Abin da zai raba gardamar dusa ce, a sa ta da yawa kifi ya koma ɗan kaɗan, ita kuwa tana cikin mudu a kasuwa, mutane suna layi a kanta. Ya gwada kai dafaffe wata kasuwar inda ba a san shi ba. Wanda ya saya sau ɗaya ba ya dawowa. Muka koma cin ƙwan a gida. A shekarar da maƙwabta ke cin ganye, 'ya'yana ƙwai suke ci safe da yamma, har Inna tana aika wa masu jego. Amma ƙwai ba ya zama tuwo, kuma ba a kai wa dagaci ƙwai a ce haraji ne. Rumbu ya kai inda sai an shiga ciki ake sharo abin da ya rage.

Ranar da zai tafi ina durƙushe ina cusa kara a tukunyar gara ya zo ya tsaya a kaina.

"Ke, zan bi motar gobe."

"Malam, ka ƙara ko kasuwa biyu. Zan koma gidan dagaci in roƙa."

"Ki roƙi abin da 'ya'yan wasu za su ci?"

Na ci gaba da cusa kara. Ya ce ba zai daɗe ba, da ya haɗa abin haraji da na buhun dawa zai juyo. Ya ce in riƙe kajin ko ba sa ƙwai, in ruwa ya sauka dusa za ta dawo. Ya ce kuma in daina zuwa surin da ke bayan maƙabarta, akwai maciji a wurin.

A birni bai sami dakon gyaɗa ba, don ba gyaɗar. Siminti suka koma saukewa daga manyan motoci. Ya aiko da dawa sau ɗaya, ta hannun direba, da saƙon yana lafiya. Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana da hantsi, na dawo daga suri da tukunya a ka, na iske taubashin a tsakar gida, Inna tana zaune a ƙasa ba ɗankwali. Ya ce jini ne ya ɓalle wa maigidana a bakin aiki. Sun kai shi asibiti, bai kwana biyu ba. Mutanen Gaya da ke can suka yi masa sutura, suka binne shi a birni. Ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba. Shekarun da na yi bayansa sun ninka waɗanda na yi da shi, har yau in na zo nan a labarin sai na yi kuka, kuma ba na jin kunyar kowa.

Na shiga takaba. Mai takaba a garinmu ba ta zagaya bayan gari, balle ta je Ajingi. Tukwanen suka zauna a bakin suri har gara ta cinye abin da ke ciki ta bar su. Inna ta gwada zuwa surin sau ɗaya, ta dawo tana dafa danga, ba tukunya. Kifin ya ƙare. Kajin suka fara zubar da gashi, suna kwana a tsaye, wata safiya aka iske biyu sun mutu. Taubashin ya zo ya tsaya daga bayan zana, ya ce gara a yanka su tun suna da sauran nama, a yi wa mamacin sadaka da su. Na ce maigidana ya ce in riƙe su. Ya ce ya sani, a birni ma ya faɗa masa. Daga baya na ce ya je ya wasa wuƙa.

A tsakar gida aka fige su, ina kallo daga ƙofar ɗaki. Da Inna ta buɗe cikin ta farko sai ga gwaiduwa a jere, babba da ƙanana, har masu kamar ƙwayar gero, waɗanda ba su kai ga yin ɓawo ba. Kusan duka haka aka same su. Ta tara a ƙwarya ta dafa wa yara. Naman aka rarraba gida-gida, kowa ya yi masa addu'a. Aka kawo mini nawa a akushi, na ce a kai wa masu jego.